Yadda ake gano tushen ƙarar da ke fitowa daga ƙarƙashin tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu

Da zarar sanyin hunturu ya sauka a Riyadh, babban birnin Saudiyya, iyalai da dama kan fice zuwa sahara a ƙarshen mako domin abin da ake kira kashta, wato zaman shan iska da gahawa da gashin nama a kan rairayi. Wasu kan nufi Thumama a arewacin birnin, wasu kuma su kama hanyar duwatsu zuwa Jabal Fihrayn, mai nisan kusan kilomita 100 daga birnin.

Motocin da ke wannan zirga-zirga sanannu ne: Land Cruiser da Prado da Hilux na kamfanin Toyota, da Nissan Patrol, da kuma Tahoe da Yukon na Amurka. Da yawa daga cikinsu sun manyanta. Land Cruiser samfurin 100 an ƙera ta ne tsakanin 1998 da 2007, Prado samfurin 120 tsakanin 2002 da 2009, ita kuwa Patrol samfurin Y61 ta fara fitowa tun 1997. Har yanzu ana cinikinsu a wuraren sayar da motoci na unguwar Shifa da kuma shafin Haraj na intanet.

Irin waɗannan motoci ba kasafai suke mutuwa farat ɗaya ba. Kafin wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinsu, yakan shafe makonni ko watanni yana kuka. Direban da ya san ma'anar kukan yakan gyara ƙaramin abu da kuɗi kaɗan. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai ya sauya kayan da lafiyarsu ƙalau, ko kuma motar ta tsaya masa a inda babu inuwa babu ruwa.

Wannan lamari ya shafi Hausawa mazauna Saudiyya da masu aikin tuƙi a gidaje da kamfanoni, kamar yadda ya shafi masu RAV4 da CR-V da Highlander a Kano da Kaduna, da direbobin Hilux da ke ratsa sahara daga Agadez.

Me ke tsakanin inji da taya?

Ƙarfin da inji ke samarwa yakan bi ta hannaye da dama kafin ya kai ƙasa.

Yana fara shiga giyabos. Daga nan, a motar da ke jan ƙafa huɗu, sai ya wuce zuwa wani akwati na biyu da ke raba ƙarfin tsakanin gaba da baya, wanda direbobi a Najeriya ke dangantawa da giyar ogzilari. Daga wannan akwati farfela ke ɗaukar ƙarfin, wato dogon bututun ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota. Manyan motoci na da farfela biyu, ɗaya ta nufi gaba, ɗaya ta nufi baya. A ƙarshen kowace farfela akwai kuros, gaɓa mai siffar gicciye da ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa. Doguwar farfela kan kasance da boris a tsakiya da ke riƙe ta.

Farfela na ƙarewa ne a difaranshiyal, ƙullin giyoyin da ke tsakiyar aksul. Aikinsa shi ne rage saurin juyawa, da kuma barin tayar waje ta fi tayar ciki gudu idan ana shan kwana. Daga nan sai shaf ya kai ƙarfin ga kowace taya, ita kuma tayar tana juyawa a kan nata boris ɗin.

Mota mai jan ƙafa biyu difaranshiyal ɗaya gare ta. Mai jan ƙafa huɗu tana da biyu, wata ma uku. Ke nan wuraren da ƙara za ta iya tasowa sun ninka.

Iri uku ne, kuma kowanne da halinsa

Kafin a fara neman laifi, wajibi ne a san irin tsarin da motar ke da shi.

Na farko shi ne wanda direba ke sakawa da kansa. Motar na tafiya da ƙafafun baya kaɗai, sai an shiga yashi ko laka a haɗa na gaba. Haka Hilux take, da Land Cruiser samfurin 70 da Saudiyawa ke kira shas, da Patrol Y61. Idan aka haɗa, farfelar gaba da ta baya kan zama kamar sanda ɗaya, don haka ba a tafiya da shi a kan busasshiyar kwalta.

Na biyu shi ne wanda ƙafafu huɗun ke ja a kodayaushe, kamar Prado 120 da akasarin Land Cruiser 100 da 200. A nan akwai difaranshiyal na uku a tsakiya da ke daidaita gaba da baya, kuma direba na iya kulle shi idan ya shiga rairayi.

Na uku shi ne wanda motar ke haɗawa da kanta idan ta ji santsi, kamar Honda CR-V da sababbin samfuran RAV4. Waɗannan na tafiya da ƙafafun gaba, sai wani kuloci na musamman ya jawo na baya idan buƙata ta taso.

Muhimmancin wannan bambanci shi ne, ƙara iri ɗaya na iya zama kuskuren direba a wata motar, ta kuma zama lalacewa a wata.

Me ya sa Riyadh ke gajiyar da waɗannan sassa?

Abu na farko zafi ne. A watannin Yuli da Agusta zafin rana a Riyadh kan haura digiri 43 a ma'aunin Salsiyos, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Zafi na tsinka man giya, yana busar da giris, yana kuma sa roba ta ƙeƙashe ta tsage.

Na biyu yashi ne. A motoci da dama gaɓar shaf na lulluɓe da wata roba mai kama da zugazugi da ke riƙe giris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai cakuɗin biyun ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa.

Na uku gudu ne mai tsawo. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a sa'a a wasu manyan hanyoyin ƙasar, ciki har da wadda ta tashi daga Riyadh zuwa Dammam. Boris ɗin da zai daɗe yana lallaɓawa a cikin gari ba ya jure sa'o'i uku ko huɗu a irin wannan gudu.

Na huɗu ruwa ne, ko da yake ba a cika tunawa da shi ba a ƙasar sahara. Idan aka yi ruwan sama kwaruruka suka kawo, aka kuma tsoma aksul mai zafi a cikin ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa kan tsuke ta zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar da yake numfashi.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa sifana

Gogaggen makaniki yakan fara da tambaya da gwajin hanya kafin ya kwance komai. Mai mota ma zai iya yin wannan gwaji a hanyar da babu cunkoso, bayan ya kashe rediyo da na'urar sanyaya mota.

Tambaya ta farko: ƙarar tana bin gudun mota ne ko gudun inji? A riƙe gudu ɗaya, misali kilomita 70 a sa'a, sannan a sauya giya. Idan sautin ya canza tare da kukan inji, to laifin na wajen inji ko giyabos. Idan bai canza ba, yana tsakanin akwatin raba ƙarfi da taya. Haka nan idan ƙarar na fitowa alhali mota na tsaye ana taka totur, to farfela da aksul da boris ba su da laifi, domin ba sa juyawa a lokacin.

Ta biyu: tana canzawa idan aka taka totur ko aka ɗaga ƙafa? Haƙoran giya da kuros da gaɓoɓin shaf na jin nauyin da inji ke ɗora musu, don haka kukansu kan ƙaru ko ya ragu da totur. Boris ɗin taya da ita kanta tayar ba ruwansu da totur, gudu kawai suka sani.

Ta uku: tana canzawa idan aka karkata sitiyari?

Ta huɗu: da sanyin safiya take fitowa, ko sai mota ta ɗauki zafi?

Akwai kuma wani ma'auni da ke taimakawa, wato saurin bugun. Taya mai lamba 265/65 R17, irin wadda ake yawan gani a Prado, na juyawa kusan sau 410 a kowace kilomita, wato kimanin sau 11 a daƙiƙa ɗaya idan ana gudun kilomita 100 a sa'a. Farfela kuwa na juyawa kusan ninki huɗu na haka. Saboda haka jijjigar taya kan zo da kaɗawa da ake ji a sitiyari ko kujera, ita kuwa ta farfela kan zo da ƙugi mai laushi da sauri da ke sa madubi rawa.

A fara da taya

Kafin a zargi wani ƙarfe mai tsada, a duba tayoyi. Tayar da ta ci ba daidai ba, ta yi tudu da kwari a bakinta, na yin gurnani irin na mataccen boris. Hanyar bambancewa ita ce, kukan taya na sauyawa idan aka tashi daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, kuma yakan koma wani gefen idan aka sauya wa tayoyin wuri. Kukan boris ba ya barin inda yake.

A motar da ke jan ƙafa huɗu, taya na iya zama tushen lalacewar da kanta. Idan aka sa sababbi biyu a gaba aka bar tsofaffi biyu a baya, kuma bambancin kaurin zanensu ya kai milimita 6, tsofaffin za su riƙa yin juyi kusan shida fiye da sababbin a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 400 daga Riyadh zuwa Dammam, hakan ya kai juyi kusan 2,500 da sashen tsakiya zai yi ta haɗiyewa. Difaranshiyal na giya zalla kan jure, amma tsarin da ke aiki da kuloci ko da ruwa mai kauri yakan ɗauki zafi ya lalace.

Don haka ake son tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, kuma cinsu ya yi kusa da juna. Masu shiga rairayi kan rage iskar taya domin kada mota ta nutse. Idan an fito, a mayar da iskar daidai a dukkan huɗun kafin a hau babbar hanya. Shekarun taya kuma na rubuce a gefenta cikin lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Ƙas-ƙas-ƙas a wurin shan kwana

Idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, aka taka totur a hankali, sai aka ji ƙas-ƙas-ƙas da ke ƙara sauri yayin da mota ke ƙara gudu, to gaɓar shaf ta wajen taya ce ta ci. Akasari idan aka leƙa za a tarar robarta ta yage, giris ya fantsama a cikin taya.

Idan an ga yagewar tun kafin ƙara ta fara, wanke gaɓar da sa sabon giris da sabuwar roba kan wadatar. Idan ƙarar ta riga ta fara, ƙarfen ya ci, sai dai a sauya.

Gaɓar ciki, wadda ke kusa da difaranshiyal, ba ta cika yin wannan ƙara ba. Ita alamarta karkarwa ce idan aka taka totur da ƙarfi, wadda ke ɓacewa da zarar an ɗaga ƙafa.

Gurnani mai ƙaruwa da gudu

Gurnani mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke farawa a matsakaicin gudu yana ƙaruwa, alamar boris ɗin taya ce. A hanyar da babu kowa, a ɗan karkata mota hagu da dama a hankali. Karkata zuwa hagu na ɗora nauyi a ƙafafun dama, don haka idan kukan ya ƙaru a lokacin, akasari boris ɗin dama ne. Wannan ba hukunci ne na ƙarshe ba, sai an ɗaga motar an juya tayar da hannu, an kuma girgiza ta sama da ƙasa a ji ko tana da wasa.

Boris ba abin jinkiri ba ne. Idan ya ƙone yana iya kamewa, ko kuma taya ta rabu da mota ana cikin gudu.

Kuka mai kama da fito

Siririn kuka da ke tashi idan aka taka totur, ya kuma lafa idan aka ɗaga ƙafa, ya fi nuni ga haƙoran manyan giyoyi biyu na difaranshiyal. Idan kuwa sai an ɗaga ƙafa yake fitowa, sau da yawa boris ɗin ƙaramar giyar da farfela ke juyawa ne ya saki. Ƙarancin mai ne kan jawo duka biyun, kuma yoyon kan fara ne daga robar da ke tare mai a inda farfela ta haɗu da aksul.

Ƙara mai na iya rage kukan, amma haƙoran da suka riga suka ci ba sa komawa yadda suke. Sanin ko na gaba ne ko na baya na da wuya daga kujerar direba, domin jikin mota na ɗaukar sauti daga wuri zuwa wuri. Yana da kyau wani ya zauna a kujerar baya ya saurara.

Ƙwas idan an sa giya, ko dum idan an tsaya

Bugu ɗaya mai ƙarfi idan aka sauya daga giyar gaba zuwa ribas na nufin akwai wasa a wani wuri. Wanda aka fi zargi shi ne kuros. Busasshen kuros kan kuma yi ƙiƙi-ƙiƙi kamar kukan tsuntsu idan ana tafiya a hankali, kuma jan ƙura mai kama da tsatsa a gefensa alama ce cewa ya mutu. Sai dai robobin da inji da giyabos da difaranshiyal ke zaune a kansu ma na yin irin wannan bugu idan sun tsage, kuma zafin Riyadh ba ya raga musu.

Akwai wani bugu da masu manyan motocin Toyota suka sani: mota ta tsaya cak a danja, ko ta fara tashi, sai a ji dum daga baya kamar wani ya ɗan taɓa ta. Sau da yawa wannan ba lalacewa ba ce. Farfela na da wata gaɓa da ke zamewa ciki da waje, kuma idan ta bushe sai ta maƙale ta saki da ƙarfi. Akwai kawunan zuba giris a jikin farfelar waɗannan motoci, kuma ana mantawa da su a wuraren canjin mai na gaggawa. Sa giris daidai gwargwado kan kawar da bugun.

Jijjiga a babbar hanya

Jijjigar da ake ji a ƙasan mota da kujera a babban gudu, wadda daidaita nauyin tayoyi bai magance ba, na iya zama daga farfela. Wataƙila ta bugi dutse ta lotsa, ko ɗan ƙarfen da aka manna mata don daidaita nauyi ya faɗi, ko boris ɗinta na tsakiya ya saki. Hakan na faruwa kuma idan aka kwance ta aka mayar ba yadda take ba, shi ya sa ake yi mata alama da fenti kafin a cire. Motocin da aka ɗaga tsayinsu domin hawan tudun rairayi ma kan gamu da wannan, saboda kusurwar farfelar ta canza.

Mota na turjewa a kwana

Idan ana juyawa a hankali a wurin ajiye motoci, sai mota ta riƙa turjewa, tayoyi na gurzar ƙasa kamar an ja birki, to gaba da baya sun kulle da juna.

A Hilux ko shas ko Patrol Y61, akasari an manta ne ba a cire ƙafa huɗu ba bayan an fito daga yashi. Idan ta ƙi fita, ɗan ja da baya a miƙe kan sassauta ta. A Prado da Land Cruiser, a duba ko makullin tsakiya ne ya maƙale. Ƙaramar na'urar lantarkin da ke sa shi da cire shi kan daskare idan an daɗe ba a yi amfani da ita ba, don haka yana da amfani a riƙa motsa ta lokaci-lokaci a kan ƙasa mai laushi.

A tsofaffin CR-V kuwa, gurnani daga baya a irin wannan juyi sanannen abu ne, kuma sau da yawa sauya man difaranshiyal na baya da ainihin wanda Honda ta tanada domin wannan tsari kan kawar da shi. Man giya na gama-gari bai dace da shi ba.

Wani sautin kuma shi ne ɓarat-ɓarat daga tsakiyar mota idan aka taka totur da ƙarfi. Akwatunan raba ƙarfi da dama, kamar na Tahoe da Yukon, na aiki ne da sarƙa, kuma idan ta miƙe takan tsallake haƙora. Na Land Cruiser 80 da 100 giyoyi ne zalla, don haka ba a neman wannan matsala a wurinsu.

Abin da mai ke faɗa

Bincike mafi araha shi ne duba man difaranshiyal da na akwatin raba ƙarfi. A fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, domin kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa.

Mai ya kamata ya kai bakin kafar zubawa. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara a shayi, ruwa ya shiga. Idan ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ya sha zafi fiye da kima. Murfin ƙasa na ɗauke da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe a jikinsa ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi mai ƙyalli da ake ji a yatsa na nufin wani abu na karyewa a ciki.

Akasarin aksul na amfani da man giya mai lamba GL-5, kamar 75W-90 ko 80W-90, amma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe, musamman ga difaranshiyal mai kuloci a ciki, wanda ke buƙatar mai na daban.

Hattara a gareji

Ba a ɗaga ƙafa biyu na motar da ke jan huɗu a sa mata giya. Ƙafafun da ke ƙasa za su ja, motar ta sauko daga kan jak. Idan za a saurari ƙara tana juyawa, sai an ɗaga ƙafafu huɗun a kan na'urar ɗaga mota, kuma mai jallabiya ko rawani ya nisanci farfelar da ke juyawa.

Haka nan idan ta lalace a hanya, ba a jan ta ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa. A Saudiyya ana kiran motar ɗaukar mota mai shimfiɗaɗɗen baya satha, kuma ita ce ta dace.

Sunayen kayan a bakin makanikan Riyadh

Garejojin Riyadh na tattare ne a unguwannin da ake kira sina'iyya, kuma ma'aikatansu sun fito daga ƙasashe daban-daban, amma sunayen kayan kusan ɗaya ne a bakin kowa. Gareji shi ne warsha. Giyabos gir ne. Akwatin raba ƙarfi da tsarin ƙafa huɗu dabal ake ce musu. Farfela ita ce amud al-kardan, kuros kuma salib, boris ɗinta na tsakiya shayyal. Difaranshiyal difrans ne, shaf na ƙafa akas, jam'insa ukus, robarsa kuma jilda. Boris shi ne rumman bili, giris shaham, tayoyi kafarat.

Direban da ya iya cewa ƙarar na fitowa a gudu kaza, idan an taka totur, kuma tana ɓacewa idan an ɗaga ƙafa, ya rage wa makaniki rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗin gwaji-gwaji. Ga wanda ke tuƙa motar gida ko ta kamfani, sanar da mai motar tun ranar da aka fara jin ƙarar na kare shi daga zargin sakaci daga baya.

Kayan hannu da batun cire farfela

Masu tsofaffin motoci a Riyadh kan nemi kayan hannu a tashlih, wato wuraren da ake farke motocin da suka yi haɗari, kamar na Al-Ha'ir da ke kudancin birnin, kwatankwacin yadda ake zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Babban tarkon da ke nan shi ne lissafin giya. Dole difaranshiyal na gaba da na baya su dace da juna, kuma mota samfuri ɗaya na iya zuwa da lissafi daban-daban gwargwadon injinta da irin giyarta. Idan aka sa wanda bai dace ba, gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani ya karye. A motocin Toyota lambar aksul na rubuce a kan farantin bayanan motar, kuma ana iya ƙirga haƙoran giyar don tabbatarwa.

A Najeriya akwai al'adar cire farfelar baya gaba ɗaya idan ta fara ƙara. A wasu motocin da ke tafiya da ƙafafun gaba hakan kan yiwu na ɗan lokaci, amma a motar da ke jan huɗu a kodayaushe, ko dai ta ƙi motsi sai an kulle tsakiya, ko kuma sashen tsakiyar ya yi ta aikin da ya fi ƙarfinsa har ya ƙone. Araha ba ta ado.

Ga mai shirin sayen tsohuwar mota

A Saudiyya ba a sauya sunan mai mota ko sabunta takardarta ta istimara sai da shaidar binciken lafiyar mota da ake kira fahas. Sai dai wannan bincike ya fi mayar da hankali ne kan birki da fitilu da tayoyi da hayaƙi da abin da ido ke gani a ƙarƙashi. Ba ya buɗe aksul, ba ya kuma gwada mota a babban gudu.

Don haka mai saye ya gwada da kansa: ya yi zagaye hagu da dama a hankali sitiyari a murɗe, ya sauya giya gaba da ribas ƙafarsa na kan birki, ya hau babbar hanya ya taka ya saki, ya kuma sa ƙafa huɗu da ƙaramar giya ya cire a kan ƙasa mai laushi. Ƙarƙashin mota da aka wanke fes ana gab da sayarwa na iya ɓoye yoyon mai, saboda haka a sake leƙawa bayan gwajin hanya.

Yaushe ya wajaba a ajiye mota?

Siririn kukan da ya daɗe bai ƙaru ba, alhali mai na nan daidai kuma da tsabta, na iya jiran ranar da aka samu sarari. Amma akwai alamomin da ba a tafiya da su: jijjigar da ta taso farat ɗaya tana ƙaruwa, ƙarar niƙa ƙarfe da ƙarfe, warin ƙonannen mai daga aksul, cibiyar taya ɗaya da ta fi sauran zafi sosai, ko tayar da ke wasa idan an girgiza ta. Kuros ɗin da ya tsinke ana gudu na iya sakin farfela ta daki ƙasa ko ta fasa giyabos.

Ga masu shiga sahara kuwa, ƙa'idar da aka sani ita ce ba a shiga da mota ɗaya tilo, ba a shiga ba tare da isasshen ruwa ba, kuma ba a shiga da motar da ta fara sabuwar ƙara da ba a gano tushenta ba.